Tsofaffin Jiragen Yaƙi a Ƙofar Bariki: Ado ne ko Tarihi?

Yaron da ya tashi a Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun ta Jihar Jigawa, ya san jirgin sama tun kafin ya san baƙi da wasali, sai dai sanin shanu ya yi masa. Abin da yake gani bai wuce wani ɗigo mai ƙyalli da ke ratsa sararin samaniya ba, wani lokaci da farin zare yana biye da shi, sai kuma rugugin da kan iso kunne bayan jirgin ya yi nisa. Ko da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse a shekarar 2014, har maniyyatan jihar suka samu damar tashi daga gida, ɗan rakiya iyakarsa bayan shinge. Saboda haka da wuya a samu ko mutum ɗaya cikin aji guda wanda ya taɓa tsayawa a gindin jirgi, ya ga ashe fiffiken nan fallayen ƙarfe ne da aka ɗinke da ƙananan ƙusoshi, kuma ɗan'adam irinsa ne ya ƙera shi.

Alhali kuwa akwai jiragen da ba su da sauran aiki a duniya sai a tsaya a kalle su. Al'ada ce ta rundunonin mayaƙan sama a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, idan jirgin yaƙi ya gama zamaninsa, a cire masa inji da makamai da kujerar nan mai cilla matuƙi waje in an shiga haɗari, a tsiyaye mai, a yi masa sabon fenti, sannan a girke shi a bakin ƙofar sansani. Wani a kan ajiye shi bisa dandamalin siminti, wani kuma a ɗora shi kan ginshiƙin ƙarfe, hanci a sama, kamar yanzu zai tashi. Sojojin ƙasa ma suna yin haka da tsohuwar igwa ko tankar yaƙi. Turawan Ingila, waɗanda suka yi fice a wannan al'ada, suna kiran irin wannan jirgi da sunan da ke nufin mai gadin ƙofa.

Hausa ba ta riga ta raɗa wa abin suna ba, kuma wannan kansa abin lura ne, domin harshen bai taɓa yin nauyin baki a kan sha'anin jirgi ba. Kalmar jirgi ta kwalekwale ce tun asali. Da dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama, da aka ga wanda ke sauka tsaye ba tare da gudu ba aka ce mai saukar ungulu. Bahaushe yakan raɗa wa abu suna da zarar ya shiga rayuwarsa. In har jirgin ƙofar bariki ya daɗe a tsaye bai samu suna ba, alama ce ta cewa bai shiga rayuwar jama'a ba tukuna.

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, ajiye waɗannan jirage abu ne mai kyau, ya fi a sayar wa 'yan gwangwan su narke su a zuba tukwane. Amma jirgin da aka girke ba tare da bayanin ko shi wane ne ba, kuma a wurin da talaka ba ya iya tsayawa ya dube shi, ado ne kawai ga masu bariki. Kafin ya zama tarihi sai an ba shi baki, an kuma kawo shi inda kunne zai ji.

A nan zamani na da abin koyo daga gargajiya. A ƙasar Hausa tsofaffin kayan yaƙi ba sa zama bebaye. Takobin nan Gajere na masarautar Katsina ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe, abin da ya ɗaukaka shi shi ne labarin Korau da Sanau da ake bayarwa tare da shi. Haka rijiyar Kusugu ta Daura: in aka raba ta da labarin Bayajida, rami ne mai ruwa irin wanda ke bayan gidan kowa. Sulke da lifidi da kwalkwali da tambari, kowanne yana da mai kula da shi a fada, wanda ya gaji sanin inda aka samo shi da yaƙin da aka je da shi. Ƙofofin ganuwar Kano ma kowace da sarkin ƙofarta. Wato dai a tsarin magabata, abu da mai ba da labarinsa tare suke tafiya. Zamani ya ɗauki rabin al'adar, ya girke abin, ya bar labarin a cikin fayil.

Labarin kuwa ba ƙarami ba ne, kuma kaso mai tsoka nasa a Kano ya faru, maƙwabciyar Jigawa. A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Kano da Maiduguri sun zama zango ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ana tuƙa su zuwa Masar ta hanyar Sudan. An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyat. A watan Agusta na wannan shekara aka sauke jirage samfurin MiG-17 da MiG-15 a filin jirgin Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya. Matuƙa daga Masar na cikin waɗanda suka fara tuƙa su. Daga baya MiG-21 ya zo a 1975, Alpha Jet a farkon shekarun 1980, sannan L-39, wanda da shi aka yaye matuƙa da yawa a makarantar horar da matuƙa jiragen yaƙi da ke Kano. Duk wanda ya bi jerin sunayen nan a hankali zai ga tarihin hulɗar Nijeriya da ƙasashen waje a rubuce: wa ya ba ta hannu a ranar da ta matsu, wa ya noƙe, kuma yaushe aka shirya.

To, amma akwai masu ganin cewa girke jirgin yaƙi a bainar jama'a kambama zubar da jini ne, kuma bai dace a riƙa nuna wa yara makami an yi masa kwalliya ba. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Jiragen da aka sauke a Kano a 1967 ba shawagin biki suka je yi ba. An tabbatar da cewa bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da gidajen farar hula a yankin Biyafara, kuma a ranar 5 ga Yuni, 1969, wani MiG-17 ya harbo jirgin kai agaji na ƙungiyar Red Cross. Ɗaya ɓangaren ma ya kai nasa hare-haren: a watan Mayu na 1969 wani Baswidene, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci wasu 'yan mitsi-mitsin jirage suka far wa filayen jiragen Fatakwal da Benin da Inugu. Kuma ba a daina kuskure daga sama ba, domin a watan Janairu na 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Barno. Sai dai duk wannan hujja ce ta a rubuta bayani na gaskiya, domin jirgin da ke kambama yaƙi shi ne wanda aka goge shi yana ƙyalli aka bar shi shiru. Yaro ya ga kyan ƙira, bai ji abin da ƙirar ta aikata ba. Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da aka kafa a Umuahia a 1985 ya gwada wata hanya: ya tara makaman ɓangarorin biyu a fili ɗaya, jiragen Tarayya da na Biyafara, da jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da bam ɗin nan ƙirar gida da ake kira Ogbunigwe. Wanda ya zaga wurin da wuya ya fita yana sha'awar a sake.

Akwai kuma jiragen da darasinsu na tattalin dukiya ne. A 1984 Nijeriya ta karɓi jirage 18 samfurin Jaguar daga Ingila, a daidai lokacin da talaka ke layin sayen sabulu da madara. Zuwa farkon shekarun 1990 an daina tashi da su saboda tsadar kulawa, suka zauna a Makurɗi shekara da shekaru. Da za a girke ɗaya daga cikinsu a rubuta shekarar da ya zo da shekarar da ya kwanta, da ɗalibin sakandare ya yi ragin da kansa ya ga amsar. Hukuma ba za ta so irin wannan allo ba, amma da shi ne za a gane ko ana neman tarihi ne ko kirari.

Matsala ta gaba ita ce ta lalacewa. An ƙera jirgi ne don ya kwana a rumfa, ƙwararru suna duba shi kullum. In aka bar shi a fili, rana za ta dusashe gilashin mazaunin matuƙi, ta farfasa tayoyi, ruwan damina ya kwanta a ciki ya ci ƙarfen, ƙurar hunturu ta kankare fenti, tsuntsaye su yi sheƙa a inda inji yake a da. Ingila ta ga haka da jiragenta na Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Spitfire da Hurricane. Daga ƙarshen shekarun 1980 ta riƙa sauke na ainihin daga ƙofofi tana mayar da su ƙarƙashin rufi, wasu ma aka gyara su suka sake tashi, aka maye gurbinsu da kwaikwayonsu da aka zuba da wani nau'in roba mai tauri. Nijeriya ba lalle ta bi wannan hanya mai tsada ba, amma rumfar kwano da fenti duk bayan 'yan shekaru ba su fi ƙarfin kowace runduna ba.

Babban cikas dai shi ne wurin da aka ajiye su. A da mai wucewa kan rage tafiya ya kalli jirgin ƙofar bariki, yau kuwa ƙofar bariki ba wurin tsayawa ba ce. Tun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari aka jibge buhunan yashi da shingaye, aka hana ajiye mota da ɗaukar hoto. Ba a ga laifin soja ba: a watan Disamba na 2013 an kai hari sansanin mayaƙan sama na Maiduguri, aka lalata jirage masu saukar ungulu biyu da wasu jirage uku da aka riga aka daina aiki da su. Amma sakamakon shi ne, malamin da ya kwaso 'yan aji a motar haya daga Aujara ba zai yi gangancin cewa direba ya tsaya a gaban shingen soja ba. Mai gadin ƙofa ya koma shi ake gadi, kuma waɗanda da kuɗin harajin iyayensu aka sayo shi ba su da halin ganinsa.

Mafita ita ce runduna ta riƙe wasu a ƙofofinta, domin sojan da ke shiga da fita yana da haƙƙin ganin abin da magabatansa suka tuƙa, ta kuma ba da aron wasu ga jihohin da jama'arsu ba su da inda za su ga jirgi a kusa. Fili a Dutse, ko harabar Kwalejin Ilimi ta Gumel inda ake horar da malamai, ya fi wa tsohon jirgi daraja a kan ya ruɓe cikin ciyawa a bayan rumfar gyara. A gefensa a kafa allo mai ɗauke da sunansa, da ƙasar da ta ƙera shi, da shekarar da ya zo, da inda ya yi aiki, da abin da ya faru a can, da shekarar da ya daina tashi. A rubuta da Ingilishi da kuma harshen mutanen wurin: a Jigawa da Hausa, boko da ajami, domin dattijon da bai yi boko ba shi ne ma ya fi tuna zamanin yaƙin, a Makurɗi kuwa da Tibi.

Wannan allo shi ne inda aikin ya faɗo kan malamin Hausa. Injiniya ya san jirgi, soja ya san yaƙi, amma wanda zai zaɓi kalmar da za ta ɗauki ma'anar kujerar cilla matuƙi, ko ya faɗi cewa an kashe farar hula cikin jimlar da ba ta ɓoye ba kuma ba ta tunzura ba, shi ne wanda ya karanci harshe. Kafin jirgin ya iso ma akwai abin yi. Malamin da aka tura Aujara zai iya sa 'yan ajinsa su tambayi tsofaffin gari ko akwai wanda ya je Yaƙin Basasa, ko wanda ya ga jiragen soja a Kano a shekarun yaƙin, su rubuto abin da suka ji da Hausarsu. Waɗanda suka shiga soja suna samari a 1967 yanzu sun haura shekara 70, kuma kullum raguwa suke yi.

Mai yiwuwa a ce ɗauko jirgi zuwa Dutse aiki ne mai wuya. Jiragen MiG da suka iso Kano a 1967 a kwance suka zo, fiffike daban gangar jiki daban, cikin manyan jiragen dakon kaya na Sobiyat, aka harhaɗa su a filin jirgin. Abin da aka kwance aka ɗauko daga wata ƙasa ana tsakiyar yaƙi, ana iya kwance shi a ɗora a kan tirela, kuma daga Kano zuwa Dutse tafiyar ba ta kai wuni guda ba.