Kafin ka fasa wayar yaro, tambaye shi wane wasa yake yi

Ƴan uwana malamai da uwaye, akwai maganar da ta zama kamar karatun allo a bakinmu, a taron uwayen yara, a wajen suna, a majalisar bayan la'asar: wai wasannin intanet duk shirme ne, maganinsu a ƙwace waya, in ta kama a fasa ta. Ni ban yarda ba. Kuɗin goron da muke yi wa waɗannan wasanni lalaci ne daga wajenmu, kuma yara ke ɗaukar asararsa. Wanda bai san bambancin dara da caca ba, bai kamata ya yanke hukunci a kan ko ɗaya ba.

Wasan da nake karewa iri ɗaya ne tak. Shi ne wanda dubban mutane ke shiga wata duniyar almara a lokaci guda, kowa ya ɗauki hali da sana'a: wannan jarumi, wannan maƙeri, wancan mai magani. Wanda ya fi suna shi ne World of Warcraft, da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004. A 2010 mutum miliyan 12 ke biyan kuɗinsa kowane wata. Kafin shi akwai EverQuest a 1999, da RuneScape da wasu ƴan uwa suka ƙirƙiro a Ingila a 2001. Faransa ma tana da nata, Dofus, daga garin Roubaix, tun 2004. Dukansu suna raye har yau. Wayoyi nawa aka yi yayinsu aka watsar a cikin waɗannan shekaru? Masu RuneScape har ƙuri'a suka kaɗa a 2013 a dawo musu da wasan yadda yake a 2007, da tsofaffin hotunansa, aka kuma dawo da shi. Abin da ya riƙe mutane sama da shekara 20, ko ba ka son sa, ya cancanci ka tsaya ka tambayi dalili.

Dalilin shi ne jama'a. Babban dodo a cikin wasan ba ya kasuwa da hannun mutum ɗaya. A farkon World of Warcraft sai an tara mutum 40. Mai garkuwa ya tsaya gaba ya tare duka, masu magani su riƙe ransa, sauran su kai sara. Mutum ɗaya ya yi sakaci, kowa ya faɗi, a sake daga farko. Shi ya sa suke kafa ƙungiyoyi masu shugaba, da lokacin haɗuwa, da dokar rabon ganima, da hukuncin wanda ya saɓa alkawari. Yaron da ke ciki ya san in bai zo ba za a nemi inda yake. Ku faɗa mini, a ajin da ya cika maƙil, yaro nawa ne suka san haka?

Ga labarin da ya kamata kowane uba ya ji. Mats Steen ɗan ƙasar Norway ne, an haife shi da ciwon da ke cinye tsokar jiki, ya ƙare a keken guragu, ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Uwayensa sun ɗauka ya rayu ba aboki, daga shi sai kwamfuta. Da suka sanar da rasuwar a shafinsa, sai saƙonni suka yi ta shigowa daga ƙasashe dabam-dabam, daga mutanen da ya shekara yana hulɗa da su cikin World of Warcraft da sunan Ibelin. Wasu sun ce shi ya ba su shawara lokacin da rayuwa ta yi musu ƙunci. Wasu suka taso daga ƙasashensu har Oslo don jana'izarsa. An yi fim a kansa a 2024. Uwayen nan suna ƙaunar ɗansu, gida ɗaya suke kwana, amma rabin rayuwarsa ya ɓoye musu don sun ɗauki wasan a matsayin wasa kawai.

Kada kowa ya ce mini shiga rigar wani hali baƙon abu ne a wurinmu. A Damagaram ana wasan kara, inda talaka ke zama gwamna ko minista na yini guda, jama'a na dariya suna kuma gane abin da ake nufi. Da azumi yara na tashe. Mun tashi da Gizo da Dodo a bakin kakanninmu, kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba komai ba ne illa tafiyar neman wani abu mai wuyar samu, ta cikin ƙasashen mutane da aljanu. Ita kuwa ƙungiyar ƴan wasa, ku dubi fadar samari a kowace unguwa ta Maraɗi ko Tawa: suna, shugaba, karo-karon shayi, da zuwa gaisuwa in an yi wa ɗaya rasuwa. Ƙishirwar ɗaya ce. Rijiyar ce ta sake wuri.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne. Akwai wanda wasa ke cinyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka a 2019. Amma a karanta sharuɗɗan: sai mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma galibi a shafe wata 12 a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kai wa nan. Yaron da ya yi awa biyu ranar Asabar ba majinyaci ba ne. Akwai kuma hotunan tsiraici a wasu wasannin, akwai baƙin da ba a san halinsu ba. Duka wannan dalili ne na uba ya leƙa, ya zauna, ya gani da idonsa. Wanda ya fasa waya bai ga komai ba, kuma gobe yaron zai ci gaba a wayar abokinsa, da dare, inda babu mai leƙawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Haɗarin gaske yana wurin kuɗi. Wasanni da yawa na waya kyauta ake shiga, sannan a riƙa sayar wa yaro akwatin sa'a: ya biya, bai san abin da zai fito ba, ya sake biya. Beljiyam ta ayyana wannan a matsayin caca tun 2018. Daga nan zuwa cacar ƙwallo, wadda ta cika wayoyin samarinmu, taki ɗaya ne. Uban da ya tsaya yana faɗa da dodon almara, ɗansa na zuba jaka bayan jaka a kan wasan Real Madrid, ya yi faɗan banza.

Masu son a hana gaba ɗaya kan kawo misalin Sin, wadda a 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa 3 a mako. To ko Sin ɗin iyaka ta sa, ba ta hana ba. Koriya ta Kudu ta kafa dokar rufe wa yara wasa daga sha biyun dare a 2011, ta soke ta a 2021, ta mayar wa uwaye da ragamar. Aikin namu ne, ba na gwamnati ba.

Gaskiya ne yawancin waɗannan manyan wasanni na son kwamfuta da wuta da intanet mai ƙarfi, abin da gidajenmu kaɗan ke da shi. Amma Dofus da RuneScape sun shiga waya tuni, sauran na tafe. Gara mu san su kafin su iso mu a cikin duhu.

Uwaye, tambaya huɗu ta isa. Wane wasa ne? Da su wa kake yi? Yana neman kuɗi? Ƙarfe nawa za ka ajiye? Salla da karatu da aiken gida da barci su ne gaba, waya ta kwana a ɗakin uba. Wanda ya nemi kuɗin sa'a a goge shi yau ba gobe ba.

Mu kuma malamai, akwai abin kunya a nan da ya kamata mu haɗiye. Yaron da muka rubuta wa “ba ya ganewa” a takardar sakamako yana iya haddace dokokin wasa ɗari, ya lissafa cinikin kasuwarsa, ya rubuta wa abokan ƙungiyarsa Faransanci ba wanda ya tilasta shi. A can in ya faɗi, sake gwadawa yake yi, babu bulala babu dariyar aji. Yana ganin ci gabansa nan take, yana da aikin da wasu suka dogara da shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta. Raba aji rukuni-rukuni, kowa da nauyinsa, a bar yaro ya gyara kuskure ya sake kawowa, wannan alli da allo sun ishe shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci.