Kofuna 21 a Inuwar Ƙwallon Kwando

A jami'ar UCLA da ke Los Angeles, in ana maganar gwanayen masu horar da 'yan wasa, sunan John Wooden ne kan fara fitowa. Shi ne ya ci wa ƙungiyar ƙwallon kwando kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975, kuma ya cancanci yabon da ake masa. Sai dai a wannan zaure da ya yi suna a cikinsa, Pauley Pavilion, akwai wani mutum da ya ɗaga kofi sau 19, amma ko a Amurkar ba kowa ya san shi ba. Sunansa Al Scates, kocin ƙwallon raga na maza.

Scates ya karɓi ƙungiyar a 1963, bai sauka ba sai 2012. Kaka 50 ke nan, da nasara fiye da 1,200. Sir Alex Ferguson da muke jinjina wa kan daɗewa shekara 26 ya yi a Manchester United. Kuma shekaru masu yawa Scates na koyar da darasin motsa jiki a makarantun yara na Beverly Hills da rana, in ya tashi ya wuce wurin atisayen jami'a.

Da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya gasar ƙwallon raga ta maza a 1970, UCLA ce ta cinye ukun farko a jere. Ta sake jera uku daga 1974 zuwa 1976, sannan huɗu daga 1981 zuwa 1984. A 1979 da 1982 da 1984 babu wanda ya doke ta ko sau ɗaya.

Masu ƙorafi kan ce ai gasar ƙarama ce, jami'o'in da ke buga wasan da gaske a lokacin ba su da yawa, kuma kusan dukansu a California suke. Gaskiyarsu. Sai a 1994 kofin ya fara barin jihar, ranar da Penn State ta doke UCLA ɗin kanta a wasan ƙarshe. To amma mu duba me yaran Scates suka yi da suka fita kasuwar duniya. Karch Kiraly, wanda ya ci kofi uku a UCLA yana karatun kimiyya, ya ciyo wa Amurka zinare a Olamfik na 1984 da 1988, ya koma wasan bakin teku ya sake ciyo wani a 1996. Steve Salmons da Dave Saunders na cikin tawagar 1984, Doug Partie da Ricci Luyties na cikin ta 1988. Wanda ya fi ƙarfin Brazil da Tarayyar Sobiyet ba za a ce masa zakaran unguwa ba.

Tsofaffin 'yan wasan Scates har yau suna ba da labarin wani shuɗin labule da kan raba wurin atisaye gida biyu. Gefe ɗaya na waɗanda koci ke kallo ne, ɗaya gefen kuma na masu jiran dama. In ka yi sanyi, ko kai ne tauraron jiya, sai a tura ka bayan labule a kira wani. Wasu na ganin rashin tausayi ne, kuma ba na musun cewa yaro ɗan shekara 19 zai ji ciwon abin. Amma a ganina adalci ne irin wanda ba kasafai ake samu ba, tun da ƙofar a buɗe take ta kowane ɓangare, kuma babu wanda ya gaji gurbi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shekarun fari, wato na rashin kofi. Kofin Scates na ƙarshe a 2006 ya zo, a kakar da suka kai matsayin cin 12 da faɗuwa 12 kafin su jera nasara 14 har su ɗauke kofi a gidan Penn State. Daga nan shiru. Ya ƙara kaka shida babu komai, ba a kore shi ba. Aka miƙa ragamar ga almajirinsa John Speraw, wanda ya buga masa wasa a kofunan 1993 da 1995, ya kuma ci uku nasa na kansa a jami'ar UC Irvine. Shi ma sai a kakarsa ta 11 ya kai gaci, a 2023, da suka doke Hawaii. A 2024 suka maimaita a kan Long Beach State, kofi na 21. Shekara 17 ana jira, da koci biyu kacal.

Ana iya kiran wannan haƙuri, amma kada mu yi wa hukumar jami'ar kwalliyar da ba tata ba. Haƙurin ya zo da araha ne saboda wasan ba ya kawo kuɗi. Babu kwangilar talabijin mai tsoka, babu attajiran tsofaffin ɗalibai da ke buga waya suna neman a sallami koci. Shekara da shekaru dokar NCAA ta taƙaita tallafin karatu na ƙungiyar ƙwallon raga ta maza a kan gurbi huɗu da rabi, a rarraba wa kowa da kowa, alhali ƙwallon zari-ruga irin na Amurka na da 85. Rashin idon jama'a ne ya bar Scates ya yi gininsa a tsanake.

Wannan inuwar kuwa tana da nata haɗari. A Yulin 2020 jami'ar Stanford, wadda ta ci kofin a 1997 da 2010, ta sanar da soke wasanni 11 don rage kashe kuɗi, har da ƙwallon raga na maza. Sai da tsofaffin ɗalibai suka tashi tsaye kafin ta janye a Mayun 2021. Yanzu da jami'o'in Amurka suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye tun 2025, kaso mafi girma na tafiya ne ga wasannin da ke cika filaye, kuma in aljihu ya yi zafi ƙananan ake fara dubawa.

Speraw ya bar UCLA a 2024 ya zama shugaban hukumar ƙwallon raga ta Amurka. John Hawks da ya gaje shi ya kai su wasan ƙarshe a kakarsa ta farko, Long Beach State ta rama abin da aka yi mata. Ina shakkar ko shi za a ba shi shekara 11.