Ɗalibin aikin jinya da taken bincikensa

A makon jiya ɗiyar ƙanena, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, ta zo mini da takarda. An ce kowane ɗalibi ya kawo taken binciken da zai rubuta kafin a ba shi difloma, abin da suke kira memuwar. Nata taken shi ne "Matsalar zazzaɓin cizon sauro a Afirka". Na ce mata: ɗiyata, da wane kuɗin mota za ki zagaya Afirka? Ta yi dariya, ta ce ai haka na gabanta suka yi.

Gaskiya ta faɗa, kuma nan ne ciwon yake. Ɗalibi ya ɗauko take mai faɗin sararin sama, lokaci ya ƙure masa, sai ya nemo tsohon memuwar na wani ya sāke masa suna da shekara. Uban da ya sayar da buhunan albasa, ko ya tsakuri albashinsa ya biya makaranta, takardar wani ya saya bai sani ba.

Alhali tambayoyi na nan birjik a ƙofar gida. Na tambaye ta inda ta yi sitaj, ta ce a wata ƙaramar likita cikin gundumar Madawa, da damina. To ga abin dubawa. A shekarar 2012 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar a riƙa ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin riga-kafin zazzaɓi a watannin ruwa. Nijar ta soma a 2013, kuma Madawa da Buza na cikin wuraren farko, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Maganin na kwana uku ne a kowane wata. Ranar farko ma'aikaci ne ke ba yaro a gabansa. Rana ta biyu da ta uku sai a damƙa wa uwa ƙwayoyin amodiyakin ta ba shi a gida. Maganin yana da ɗaci, wani yaron yakan yi amai, uwar kuma tana gona tun safe. Shin tana ba da sauran? In ba ta ba da ba, me ya hana? Ta ajiye ne don ranar da jikin yaro ya yi zafi, ko ta raba wa ƙanensa? Rajistar likita ba ta da amsar wannan, don ita ranar farko kawai ta gani. Ɗaliba mai jin harshen matan, da littafi da biro, tana iya shiga gida hamsin ko sittin a ƙauye biyu ta samo amsa cikin wata guda, bayan ta nemi izinin shugaban likita da na maigari. Amsar kuwa ma'aikacin wurin zai yi aiki da ita damina mai zuwa.

Wanda ya yi sitaj a Keita yana da tasa. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita ya gina madatsun ruwa, yara na wanka a cikinsu. Sai a duba ko tsargiya na bin su. A ƙasar Adar kuma, inda maza ke tafiya cin rani Abijan ko Nijeriya, wa ke ba da izini da kuɗin kai yaro likita in maigida ba ya nan? Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kuɗin kabu-kabu ba ya cikin kyautar.

Ɗiyar tawa ta yi shiru, sannan ta ce tana tsoron malamai su ce taken ya yi ƙanƙanta. Na ce ta kai musu shi a rubuce: ƙauye kaza, uwaye kaza, wata kaza, da tambayoyi goma da za ta yi. Ta koma ran Lahadi, da kuɗin mota zuwa Madawa da na ba ta.