A Gina Wa Iyalai Masauki a Bakin Dam ɗin Mairuwa

Duk shekara daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantu kan tafi dogon hutu. A ƙasashe da dama lokacin ne magidanci kan ɗebi iyalinsa a mota su nausa hanya, su kafa tanti a jeji, ko su kama ɗan ɗaki a bakin tafki su yi kwanaki. A Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, lissafin magidanci daban ne: wace hanya ce ke biyuwa yau, ƙarfe nawa ya kamata a ce an shige gida, wa za a bari da sauran yara. Duk da haka ina da ra'ayin cewa lokaci ya yi da gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomin nan uku za su sa wurin hutun iyali cikin ayyukan farfaɗo da yankin, su kuma fara da bakin Dam ɗin Mairuwa. Na san maganar za ta zo wa wasu a matsayin ta wanda ya ƙoshi. Ina ganin akasin haka ne, kuma akwai dalilai.

A fara da abin da aka rasa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, sai bayan kusan mako guda aka sako su. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. An ƙirga rayuka, an ƙirga shanu da kuɗin fansa, an ƙirga gonakin da aka bari ba noma. Abin da ba a ƙirga ba shi ne yaron da aka haifa wajen 2014, wanda yanzu ya tasa, amma bai taɓa sanin daji a matsayin wurin cin kanya da ɗinya da kallon tsuntsaye ba. Idan ya taɓa kwana a waje, to gudu ne ya fitar da shi, cikin gero ko ƙarƙashin bishiya, uwarsa na toshe wa ƙaninsa baki kada ya yi kuka. Yaron da ya girma yana tsoron ƙasar da ta haife shi da wuya ya zauna ya noma ta, da wuya ya kare ta, kuma da zarar ya sami kuɗin mota Abuja ko Legas zai nufa. Gyaran wannan ɓarna ba aikin bindiga kaɗai ba ne. Sai an sake nuna wa yara cewa akwai fili da ruwa da dare a ƙasarsu da za a zauna cikinsu da kwanciyar rai.

Masu cewa yawon hutu al'adar Turawa ce sun manta da tarihinmu. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja su dawo da goro a zango suke kwana, kuma unguwannin Zongo na Kumasi da Akara shaida ne har gobe. Ana kai yara hutu gidan kakanni, ana yawon Sallah gari-gari, ana ziyarar zumunci da ke ɗaukar mako, ana fita farauta da rani a kwana a dawa, ana taruwa a bakin tafki ranar su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a sigarsa ta yanzu a 1934, taro ne na dubban iyalai a bakin ruwa. Gandun dajin Yankari kuwa tun 1962 yake karɓar baƙi, kuma ɗakunan kwanan Wikki da ruwan ɗuminsa sun daɗe suna ganin ɗaliban makarantun Arewa. Abin da rashin tsaro ya ƙwace wa mutanen Faskari nasu ne na gado.

Kuma wurin yana nan, ba sai an haƙa ba. Dam ɗin Mairuwa na kusa da Funtuwa, a gefen babbar hanyar da ta nufi Gusau, tsakiyar gonaki da masunta da masu noman rani. Akwai dam ɗin Gwaigwaye a nan kusa, akwai na Zobe a Dutsin-Ma da aka kammala a 1983 kan kogin Karaɗuwa. Dajin Kogo ma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar gandun daji na ƙasa, amma maganar kwana a Kogo ba ta yanzu ba ce, kuma duk wanda ya ce wa magidanci ya kai 'ya'yansa can a wannan hali bai yi masa adalci ba. Mairuwa ta bambanta domin tana kan kwalta, tana kusa da babban gari mai asibiti da jami'an tsaro. Abin da ake buƙata a can ba katafaren otal ba ne. Fili ne mai shinge da ƙofa guda, da bishiyoyin inuwa, da masallaci, da banɗakuna masu tsafta na maza daban na mata daban, da rijiyar burtsatse da fitilun sola, da rumfunan da iyali za su shimfiɗa tabarma su ci abincin da suka zo da shi. Daga baya a ƙara 'yan ɗakuna ciki da falo masu gidan sauro, da ɗan fili ga makarantun da ke son kafa tanti.

Hujja mafi nauyi a kan wannan shawara ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Tara mata da yara a wuri guda da dare, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, na iya zama ajiye wa ɓarayi abin da suke nema. Maƙwabtanmu sun ga irin haka: a watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a gandun raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, kuma yawon buɗe ido a wurin ya durƙushe. Darasin da ke ciki shi ne kada a buɗe wuri kafin a tanadi tsaronsa, kuma kada a yi gaggawa. A fara da yini kawai: a buɗe da hantsi, a tashi bayan La'asar, yadda kowa zai isa gida kafin Magariba. A ajiye jami'an tsaro na dindindin a wurin, da haɗin gwiwar rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, waɗanda 'ya'yan yankin ne, sun san kowace hanyar babur. Sai an shekara ana yini lafiya kafin a yi maganar kwana. Wannan tsari na da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Ana ta sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi, ana sanar da cewa zaman lafiya ya dawo, amma talaka ba shi da ma'aunin da zai gwada gaskiyar sanarwar. Ranar da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da kwamishina suka kawo nasu iyalan Mairuwa suka yini, daga baya suka kwana, mutumin Ruwan Godiya zai san abin da ake faɗa masa ya tabbata. Idan kuwa ba za su iya kawo nasu ba, shi ma ya sami amsa, kuma ya cancanci ya same ta.

Hujja ta biyu ita ce yunwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, kuma akwai gidajen da cin sau biyu a rana ke gagara. Da wane ido za a kalli kuɗin gina rumfuna alhali asibitoci na neman magani? Amsata ita ce a duba aljihun da kuɗin mai hutu ke shiga. Iyalin da suka zo daga Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya za su sayi kifi a hannun masunci, su sayi fura da nono, su ba mai kwalekwale, su hau ɗan acaɓa, su tafi da tumatir da albasa daga lambu. Waɗannan su ne mutanen da rikicin ya karya wa jari. Ruwanda, wadda ta fito daga kisan ƙare dangi na 1994, tana ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye, ana gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da shi. Mairuwa ba za ta kawo daloli irin na Ruwanda ba, amma ƙa'idar za ta yi aiki: a rubuta tun farko cewa wani kaso na kuɗin ƙofa na garuruwan bakin dam ne, ma'aikatan wurin kuma daga cikinsu za a ɗauka. Mutanen da ke ci daga wuri su ne farkon masu kawo rahoto idan baƙuwar fuska ta gilma. Kuɗin shiga kuwa ya zama wanda malamin firamare zai iya biya wa iyalinsa, ɗaliban makarantun gwamnati su shiga kyauta.

Akwai masu tsoron kada wurin ya koma matattarar baɗala, kuma tsoronsu na da tushe. Maganinsa a sa malamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata cikin kwamitin kula da wurin, a hana giya da kayan maye, ɗakunan kwana kuma na iyali ne da makarantu. Akwai kuma masu tuna otal ɗin Bagauda da na Tiga a Jihar Kano, waɗanda aka gina a bakin madatsun ruwan zamanin Audu Baƙo, suka yi tashe, sannan suka dusashe, har Bagauda ta koma harabar makarantar horar da lauyoyi. Manyan gine-gine ne da ke buƙatar manyan baƙi da kuɗin gyara mai yawa. Rumfa da rijiya da ɗaki ciki da falo ba su da wannan nauyi, kuma magini da kafinta na Faskari za su iya gyara su.

Ruwa ma yana da nasa haɗarin, kuma dole a faɗe shi. Ruwan dam da ke kwance na ɗauke da tsargiya, don haka kada a bar yara su yi wanka a ciki, kuma duk mai shiga kwalekwale ya sa rigar kariya daga nutsewa, a kuma ƙayyade yawan fasinja. Dogon hutu a nan na faɗowa tsakiyar damina, lokacin da dam ke cike, sauro ya yi yawa, iyaye da yara kuma na gona. Saboda haka ba sai mun bi kalandar wasu ba. Lokacin da ya dace da mu shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, an kai amfani gida, akwai ɗan kuɗi a hannu, hanya ta bushe, ga hutun Disamba, sai kuma ranakun yawon Sallah. Idan majalisun Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa suka haɗa kai da ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha, aka sa shinge da rijiya da rumfuna a kasafin kuɗi mai zuwa, 'yan aji shida na firamaren Ruwan Godiya za su iya zama cikin rukunin farko da za a kai Mairuwa yini guda, da rakiyar malamansu da jami'an tsaro, a hunturun da ke biye.