Ilimi Ba Haja Ba Ne

A mahaɗar Bata, inda Fagge ke gaisawa da Sabon Gari, allunan tallan makarantun kuɗi na gogayya da na 'yan kasuwa. Tun tsuke bakin aljihun 1986 hukuma ke janye jiki daga aji, ta bar iyaye da ciniki. Ma'aikacin da makarantar gwamnati ta yi wa riga da wando, yau da adashi yake biyan kuɗin zango. Ban ga laifin uba ba. Sai dai ranar da masu faɗa-a-ji suka kwashe 'ya'yansu, ranar ajin talaka ya rasa mai yi masa kuka. Dokar 2004 ta ce ilimin farko kyauta ne, kuma tilas. To, ɗan mai tura baro a wace rumfa zai taya?