Kafin Ki Sayar Da Butar Kaka



Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja, wata ɗalibata a Islamiyya ta zo mini da tsohuwar butar shayi, ta yi baƙi ƙirin. Wai za ta ba 'yan gwangwan su ɗora a sikeli, tunda ruwa ya tafi da shinkafar maigidanta. Ta kakarta ce, tana cikin kayan jerenta tare da tasoshi da fanteka. Da na kifa ta sai ga haruffa huɗu a gindinta: EPNS.

'Yar'uwa, idan kin ga wannan tambarin, butar ba zallar azurfa ba ce. Wani ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham a Ingila ya yi wa rajista a 1840. Zallar azurfar Ingila kuwa galibi hoton ɗan zaki ake buga mata. A can akwai masu tara irin waɗannan butoci, kuma abin da suke dubawa shi ne sunan maƙerin da lafiyar ruwan azurfar. Ɗan gwangwan nauyi kawai ya sani.

Don Allah kada ki dirje ta da toka ko yashi ko soson ƙarfe yadda muke yi wa tukunya. Ruwan azurfar bai kai kaurin fatar albasa ba, in ya goge ya tafi ke nan. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa, sai ki tsane ta nan take.

Shan shayi a cikinta fa? Hadisin Huzaifa (RA) da ke Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a ƙwaryar zinare da azurfa, kuma hanin ya haɗa da mu mata, duk da an halatta mana ado da su. Wadda aka yi wa ruwa kawai, malamai sun yi saɓani a kanta. Ni dai ba na zuba komai a ciki.

Sai na tambayi ɗalibar tawa, "Maman Abba, da Hajiya ta rasu an raba gadonta kuwa?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malama, ai kayan ɗaki ne, kowa ya ɗauki abin da ya samu." Na ce mata ko cokali ne yana cikin gado, kuma mahaifiyarta da kawunnanta suna raye. Ranar Juma'a ta naɗe butar a zane ta kai musu Auyo.