Ɗan Baya Ma Yana Da Rana

Ran 8 ga watan Yuli, 2014, a garin Belo Horizonte, Jamus ta zuba wa Barazil ƙwallo bakwai a gasar cin Kofin Duniya, masu masauki kuwa suka rama ɗaya tak. Kafin a shiga fili, kukan mutanen ƙasar duk a kan Neymar yake, gwaninsu na gaba, wanda ya ji rauni a wasan da ya gabata. Ba a yi rabin wannan kuka ba don rashin Thiago Silva, kyaftin ɗinsu mai tsaron baya, wanda aka dakatar saboda katin gargaɗi biyu. Aka busa usur. Kafin a cika rabin sa'a ƙwallo biyar sun shiga. A ranar ne aka san wanda ke riƙe da ƙofar gidan.

Labarin mutumin nan abin a karanta wa yara ne. An haife shi a Rio a 1984. Yana saurayi ya haye Turai neman abinci da ƙafarsa, a 2005 kuma tarin fuka ya kama shi a birnin Masko, ya yi watanni kwance a asibiti, ba dangi kusa, har ya yi niyyar barin wasan. Allah ya ba shi lafiya, ya koma gida ya sake farawa a ƙungiyar Fluminense. Daga nan sai Milan a 2009, sai Faris a 2012, sai Chelsea, inda ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2021 yana da shekara 36.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne, bai shafe mu ba. A wannan fili da aka kunyata Barazil, ran 20 ga Agusta, 2016, samarin Nijeriya suka ci Honduras uku da biyu, suka sami lambar tagulla ta wasannin Olamfik. Ita kaɗai ce lambar da ƙasarmu ta komo da ita a shekaran nan. A cikin 'yan bayan wannan ƙungiya akwai Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato. Ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi Kuwait, ya bi ta Fotugal da Ƙubrus da Turkiyya, ya tsare wa Nijeriya baya a Kofin Duniya na Rasha a 2018, daga bisani ya komo Pillars ɗin da ta fito da shi.

To, Sakkwato dai ba baƙon wuri ba ce ga mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Lardi ɗaya ne a zamanin En'e, jiha ɗaya ce har 1996 da aka yanke Zamfara. Duk wanda ya zaga garuruwan nan bayan la'asar ya ga yara ba takalmi suna bin ƙwallon tsumma, an kafa duwatsu biyu a maimakon raga. Ba ƙarfi ko basira suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne mai duba su.

Nan ne maganarmu ta zo kanku, malaman makaranta. Kun san yadda ake raba yara in za a yi wasa: mai gudu da iya yanka a tura shi gaba, wanda ake ganin ba shi da amfani a ce, "Kai, koma baya." Wannan kuskure ne babba. Tsaron baya shi ya fi bukatar hankali. Ɗan baya sai ya karanci nufin abokin gaba tun bai ɗaga ƙafa ba, ya iya haƙuri, ya iya umurtar na gefensa, ya kuma jure cewa in an ci ba a ambatonsa, in an sha kashi kuwa shi ne mai laifi. Yaron da ke da wannan hali, ko bai zama ɗan wasa ba, shi ne gobe za a iya danƙa wa baitulmali.

Ba mu manta da halin da ƙasar ke ciki ba. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi shekara da shekaru, har a watan Satumba na 2021 sai da gwamnati ta rufe makarantun jihar duka na wani lokaci. Wani zai ce wa ke ta ƙwallo ana ta rai? Amsarmu ita ce, yaron da ba shi aji ba shi fili, akwai masu jiransa a daji, su kuwa ba su raina kowa.

Saboda haka muna roƙon ma'aikatan ƙananan hukumomin nan uku, magadan akawunan En'e, su duba abu biyu. Filin kowace makaranta a auna shi, a rubuta iyakarsa, a kafa masa shaida, kada a wayi gari an yanka shi fuloti. Sa'an nan in an zo tsara kasafin kuɗin shekara, a keɓe wani abu, kome ƙanƙantarsa, don gasa tsakanin makarantun cikin gari, inda hanya ke da aminci. In an zo rabon kyauta kuma, kada a tsaya kan wanda ya fi cin ƙwallo. A ajiye ɗaya don ɗan bayan da ya fi hanawa.